Wai me za mu kira mai hawa bishiya da zarto?

Jama'a salamu alaikum, wata kalma ce ta hana ni sakat tun makon jiya, na kawo ta nan mu taru mu kashe ta. Turawan Ingila suna ce wa mai sana'ar tree surgeon, Amurkawa kuma sun fi cewa arborist, wato mutumin nan da za ka hango ya sha ɗamara da kwalkwali ya ɗare can ƙololuwar bishiya, zarton inji na reto a ƙugunsa, yana rage rassa ɗaya bayan ɗaya yana zuro su ƙasa da igiya don kar su faɗa kan rufi ko waya. Ni aikina ke nan shekara da shekaru amma duk wanda ya ce min malam mene ne sana'arka sai in kama inda-inda, in na ce mai saran itace a ɗauka faskare nake yi, in na ce gadina a ce to zo ka yi mana ban ruwan fulawa.

Da na fara jefa tambayar, mutum kusan goma duk bakinsu ɗaya: likitan bishiya. Wani ma ya ƙara gishiri ya ce likitan tiyatar bishiya. Na san daga inda ta fito, fassara ce kai tsaye, kuma tana da daɗin faɗa, wa zai ƙi a kira shi likita. Har wani ɗan uwa ya kawo hujja mai ƙarfi, ya ce ai shi kansa zarto mai sarƙa a ɗakin tiyata aka haife shi, kuma gaskiyarsa, a 1830 wani likitan ƙashi Bajamushe Bernhard Heine ya ƙera ƙaramin zarto mai sarƙa da ake juyawa da hannu don yanka ƙashin mutum, sai kusan shekara ɗari bayan haka Andreas Stihl ya fito da na lantarki a 1926 da na fetur a 1929, su ma manya ne sai mutum biyu sun kama. To na ba shi wannan.

Amma ni kalmar likita ce ba ta kwanta min ba, kuma ba don tawali'u ba. Matsalarta tana sa mutane su ɗauka bishiya na warkewa yadda jikin mutum ke warkewa, alhali ba haka ba ne ko kusa. Kai in ka yanke, nama ya tsiro ya maye gurbin wanda ya lalace. Bishiya ba ta mayarwa, abin da ya mutu ya mutu har abada, abin da take yi shi ne ta killace wurin ta ciki ta toshe hanyoyin da ruɓa za ta bi, sannan ta waje ta yi ta naɗo sabon itace daga gefe-gefe har ta rufe bakin. Wani ma'aikacin hukumar gandun daji ta Amurka, Alex Shigo, shi ya fito da wannan fili a 1977 bayan ya tsaga dubban bishiyoyi a tsaye yana bin sawun ruɓa. Kafin shi masu sana'ar da gaske likitanci suke kwaikwayo, a yanke reshe daf da gindi sumul, a shafa kwalta ko fenti kamar an sa magani a miki, in an ga kogo a ƙwaƙule shi a ɗura masa siminti kamar cikon haƙori. Duk wannan yanzu an bar shi, kwaltar nan danshi take riƙewa, ƙwaƙular kuma bangon da bishiyar ta gina wa kanta take fasawa. Har yau in na gama aiki sai mai wuri ya ce malam ba za ka shafa mata wani abu ba? To ka ga in na amsa sunan likita ai na ƙara masa ƙarfin gwiwa ke nan.

Ana cikin haka sai wani dattijo a cikinmu, wanda ba ya cika magana, ya rubuto layi ɗaya: ku ce wanzamin bishiya mana. Na yi dariya da farko, daga baya na zauna na juya ta na ga Baba ya harbi tsuntsu. Allah ya ƙara girma Baba. Wanzami aski yake yi kuma yana ɗan yanka, ya san inda aska ke tsayawa. Aikinmu kashi mafi yawa wannan ne, rage abin da ya yi yawa, cire busasshe da wanda ke gogar ɗan uwansa, da sanin daidai inda za a sa zarto.

Bari in nuna muku abin da nake nufi da inda za a sa zarto. In ka duba inda reshe ya haɗu da gindi za ka ga ɗan kumburi ya zagaye shi kamar zobe, ni wuyan reshe nake ce masa, wani ya ce kafaɗa, ban ƙi ba amma wuya ya fi kama da shi. Wannan kumburin shi ne zai rufe bakin yankan, in ka shafe shi ka buɗe wa ruɓa ƙofa har cikin gindi, in kuma ka bar dungu mai tsawo bishiyar ba za ta iya naɗe shi ba sai ya ruɓe ya ja ruɓar ciki. Babban reshe kuma sau uku ake yankansa. Na farko ta ƙasa, kamar santimita 30 daga gindi, ka shiga kusan kashi ɗaya cikin uku ka tsaya. Na biyu ta sama, gaba kaɗan da na farkon, reshen ya karye ya tafi. Na uku ka cire dungun daf da wuya ba tare da ka taɓa wuyan ba. Ina sabon shiga na taɓa yin ganganci na yanka ta sama kawai don sauri, reshen kafin ya rabu ya yago ɓawo tun daga nan har kusan tsayin hannuna, fari fat yana tsattsafo da ruwa, maigidana bai ce min uffan ba ya dai tsaya yana kallon wurin, wallahi gara ya zage ni. Tabon na nan har yau.

Daɗin kalmar Baba shi ne ta zo da 'ya'yanta. Rage rassa ya zama askin bishiya. Mugun aikin nan da ake gundule kan bishiya gaba ɗaya a bar gungume tsaye, shi kuma ƙwal-kwabo, kuma kowa ya ji ya san ba yabo ba ne. Masu yi suna ganin sun huta, nan da shekara biyu sai toho ya fito tuli guda, dogaye marasa riƙo don a fatar itacen kawai suke manne, iska kaɗan ta ɓalle su, ga ruɓa na bin gungumen daga sama. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara, tsohuwa ma ƙasa da haka, don ganyen nan shi ne abincinta. Ƙarama kuwa almakashi ya ishe ta, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wata 'yar uwa ta ce ita kalmar ta yi mata kama da barkwanci, ba za ta shiga takardar ofis ba. Hajiya ina jin ki, shi ya sa na ce mu raba biyu, mai karatun da ke duba cuta da saiwa da ƙasa ya rubuta rahoto a ce masa masanin bishiya, mu masu igiya da zarto a bar mu da wanzancinmu. Wani kuma ya ce to kayar da bishiya gaba ɗaya fa, shi ma aski ne? A'a, wannan yana da sunansa tun tuni, sara ne, ba ma buƙatar sabo.

Saura kalmomi biyu. Akwai abin da zarto ke yi in saman hancinsa ya taɓa itace, ya yi tsalle da baya zuwa fuskar mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido, don shi aka sa masa birkin sarƙa a gaban hannun hagu. Ni harbin zarto nake cewa, kamar harbin jaki, yaran da nake koya wa aiki suna ganewa nan take, na ɗauka wannan ta zauna sai dai in wani na da ja. Ɗayar ce ta gagare ni, injin nan mai faifai da haƙora da ke gurje kututture har ya nutse ƙasa bayan an yi sara. Na gwada injin niƙan kututture ta yi tsawo, na gwada maci-kututture yarana suka bushe da dariya. Wa ke da wadda ta fi?