Za a iya mayar da jan gashi na halitta ruwan zinare ba tare da bilicin ba?

Maman Sultana, Gilasgo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gyaran gashi, musamman masu aiki da gashin Turawa. Matar ƙanena 'yar ƙasar Sikotlan ce, kuma Allah ya yi ta da jan gashi tun haihuwa, mai launin tagulla, mai kauri, wanda ya sauko har tsakiyar bayanta. Ta daɗe tana sha'awar mayar da shi ruwan zinare mai haske, amma tana tsoron bilicin ƙwarai, domin ta ga yadda ya cinye gashin wata ƙawarta har sai da aka datse shi daidai wuya.

Da yake ni ce mai yi wa yaran gidan kitso, kuma ni nake haɗa wa 'yan'uwa man gashi, sai ta ɗauka babu abin da ya shige mini duhu a wannan fanni, alhali kuwa ilimina bai wuce na irin gashinmu ba. Ta karanta cewa ruwan lemon tsami da zuma da shayin furen kamomil suna haskaka gashi idan an shafa an zauna a rana, wasu kuma sun ce mata akwai wani rini da ke ɗaga launi ba tare da hodar bilicin ba. Shin waɗannan hanyoyi suna aiki a kan jan gashi? Idan suna yi, wane launi za ta samu a ƙarshe? Ta ce ba ta taɓa rina gashin ba. Na gode.

Hajiya Mai Gyaran Gashi, Dablin:

Wa alaikumus salam, Maman Sultana. A ƙasar Ayalan da nake zaune masu jan gashi suna da yawa, saboda haka wannan buƙata ba baƙuwa ba ce a shagona. Amsar ita ce za a iya haskaka shi ba tare da hodar bilicin ba, amma ba zai kai farin ruwan zinaren da ake gani a hotunan talla ba, kuma gara ki faɗa mata wannan tun kafin ta kashe ko sisi.

Mu masu wannan sana'a muna auna duhun gashi da matakai daga 1 zuwa 10, inda 1 ke nufin baƙi ƙirin, 10 kuma mafi haske. Jan gashi na halitta yawanci yakan faɗo tsakanin mataki na 5 da na 7. Rinin da aka ba ta labarinsa gaskiya ne akwai shi. Ana haɗa shi da ruwan faroksaid, sinadarin da ke narkar da launin gashi, mai ƙarfin kashi 9 ko kashi 12 cikin 100, wato wanda aka rubuta wa 30 ko 40 a jikin kwalba, a bar shi a kai kamar minti 45 ko gwargwadon umarnin kamfanin da ya yi shi. A kan gashin da rini bai taɓa hawa ba yakan ɗaga mataki 3, idan an yi sa'a 4. Sai dai jan gashi yana da taurin kai. Idan ana haskaka shi, sai ya bi ta ruwan goro, ya wuce ta ruwan lemo, kafin ya kai rawaya, kuma a ruwan lemon nan yake yawan tsayawa ya ƙi gaba. Saboda haka mai mataki na 7 za ta iya samun ruwan zinare mai sirkin ja, wanda ni a ganina yana da kyau matuƙa kuma yana dacewa da fatar masu jan gashi, amma mai mataki na 5 za ta ƙare ne da launi mai kama da na karas, sai an bi shi da rini mai sirkin shuɗi don ya kwantar da shi. Shamfu mai launin shunayya da mutane suke ruguguwar saye rawaya yake kashewa, ba ya yin komai ga ruwan lemo.

Idan da ni za a kawo wa ita, ba zan shafe kan gaba ɗaya ba. Zan riƙa tsintar gashin silli-silli, ina shafa wa kowane silli rinin ina naɗe shi a takardar alminiyam, in bar jan asali a tsakani. Da haka kan zai yi haske a ido, kuma idan sabon gashi ya fito ba za a ga layi ƙarara ba. Wannan batu na tsiro ba ƙarami ba ne, domin gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, wanda ke nufin mai rina kai duka za ta riƙa komawa shago duk bayan mako 4 zuwa 6. Haka kuma wanda bai ƙware ba yakan fara shafawa daga gindin gashi, bai san cewa ɗumin fatar kai yana sa wurin ya riga sauran haske ba, sai a wanke a ga saman kai rawaya, jelar kuma tana nan ja. Kafin komai a yanko ɗan silli daga ƙeya a gwada a kansa.

Malamin Kimiyya, Zariya:

Hajiya ta yi bayanin aikin hannu yadda ya kamata, ni kuma zan ƙara da dalilin da ya sa abin yake haka, domin idan baiwar Allahn nan ta fahimci dalilin, za ta daina sa rai da lemon tsami.

Launin gashi yana fitowa ne daga sinadarin melanin, kuma iri biyu ne. Akwai yumelanin mai ba da baƙi da ruwan ƙasa, wanda shi ne ya cika gashinmu, akwai kuma fiyomelanin mai ba da ja da rawaya. Masu jan gashi, waɗanda ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na mutanen duniya ba kuma suka fi yawa a Sikotlan da Ayalan, suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gadon da ake kira MC1R, wanda ke sa jikinsu ya fi yin fiyomelanin. Wannan nau'i yana ɗauke da sinadarin farar wuta a cikin gininsa, kuma ya fi ɗan'uwansa jure wa abubuwan da ke narkar da launi. Taurin kan da Hajiya take gani a shago daga nan ya samo asali.

Babu yadda za a yi gashi ya yi haske sai an lalata wani kaso na melanin da ke cikinsa, kuma abin da ke yin wannan aiki a rinin da ake magana shi ne faroksaid, tare da amoniya mai buɗe ɓawon silin gashi don maganin ya shiga. Hodar bilicin ma da faroksaid ake kwaɓa ta, bambancin kawai shi ne tana da ƙarin gishirin fasalfet mai ninka ƙarfin aikin. Don haka kada a ɗauka cewa rinin ba ya cin gashi. Yana ci, sai dai bai kai hodar ba, kuma ruwa mai ƙarfin kashi 12 yana iya ƙona fatar kai idan ya faɗa hannun wanda bai iya ba. Ruwan feshi na haskaka gashi irin su Sun-In da ake sayarwa a kantuna su ma faroksaid ne a cikinsu.

Game da kayan gida kuwa, zuma idan an sirka ta da ruwa tana fitar da faroksaid, amma ɗan mitsitsi ne wanda ba zai motsa jan gashi ba. Kamomil yana barin ɗan launin rawaya a bayan sili, wanda sai a kan gashi mai haske tun asali ake lura da shi. Shi kuma lemon tsami, rana ce take yin yawancin aikin, tsamin yana taimaka mata ne yana kuma busar da gashin. Matan birnin Benis na Italiya a ƙarni na 16 sun yi suna da wannan dabara, inda suke hawa soro su sa malfa marar tsakiya, su baza gashi a kan faɗinta su wuni a rana, kuma launin da aka san su da shi ruwan zinare ne mai ja-ja. A nan ne nake son Maman Sultana ta ja kunnen matar ƙanenta da kyau. Fatar masu jan gashi tana saurin ƙonewa a rana, kuma sun fi sauran mutane fuskantar haɗarin sankarar fata, don haka zaman sa'o'i a rana saboda gashi ciniki ne na asara. Bugu da ƙari, ruwan lemon tsami idan ya taɓa fata sannan rana ta buge shi, yana iya haddasa ƙuna har da bororo, ya bar baƙin tabo na watanni a goshi da wuya.

Gwaggo Mai Lalle, Maraɗi:

'Yata Maman Sultana, ni ban san gashin Turawa ba, amma na san lalle, kuma ina da tambaya ɗaya. Kin ce ba ta taɓa rina gashin ba, to amma matan da suka shigo danginmu sukan yi sha'awar lalle, kuma da yawa ba sa lissafa shi a cikin rini tunda ganye ne. Ki tambaye ta sosai. Lalle yana kama silin gashi ya zauna daram, ba ya fita da wanki, kuma rinin kanti ba ya ɗaga shi yadda yake ɗaga launin halitta. Wasu lallen na kwali ana cakuɗa su da gishirin ƙarfe, kuma idan suka haɗu da faroksaid gashi yana iya ɗaukar zafi ya kakkarye ko ya koma kore.

Idan wani ya kawo mata garin da ake tallarsa da sunan lalle marar launi, ki sani garin ganyen filasko ne, wanda muka sani a gida. Yana sa gashi sheƙi da ƙarfi, yana kuma ba furfura ɗan ruwan rawaya, amma ba ya haskaka gashi ko kaɗan.

Maman Sultana, Gilasgo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Gwaggo, na tambaye ta, ta tabbatar mini cewa lalle bai taɓa hawa kanta ba. A hannu da ƙafa kawai aka yi mata lokacin da muka je gida biki, ja da baƙi. Ta ce jan bai dame ta ba, amma wurin da aka zana baƙin ya yi mata ƙaiƙayi, ya kumbura ya yi ƙuraje, har zanen furen ya fito raɗau a fatar bayan launin ya goge. Ta kuma aiko mini da hoton gashin a hasken taga, ina ganin ya fi kusa da mataki na 7 da Hajiya ta ambata, kuma ta ce ruwan zinare mai sirkin ja ya ishe ta. Shin za ta iya zuwa shago a wannan makon?

Hajiya Mai Gyaran Gashi, Dablin:

A'a, Maman Sultana, ta dakata tukuna, domin abin da kika faɗa game da baƙin lallen ya sauya lissafin gaba ɗaya. Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi. Abin da ke baƙanta shi yawanci dayis ne mai sinadarin PPD, kuma kumburin da ya bi sawun zanen alama ce mai ƙarfi cewa jikinta ya ƙi wannan sinadari. Wanda jikinsa ya ƙi shi sau ɗaya yakan ci gaba da ƙin sa har ƙarshen rayuwa, kuma karo na biyu yakan fi na farko muni, har fuska da fatar ido su kumbura. Shi wannan sinadari, ko wani ɗan'uwansa na kusa, yana cikin mafi yawan rinin gashi na dindindin, har da masu haske irin wanda na ba da shawara, ko da yake kaɗan ne a cikinsu. Idan kika duba kwalayen rinin da ake sayarwa a Birtaniya da Turai, za ki ga an rubuta cewa wanda baƙin lalle ya taɓa yi wa illa kada ya yi amfani da su.

A ƙa'ida muna shafa ɗigon rini a bayan kunne ko a lanƙwasar gwiwar hannu mu jira sa'a 48, amma ga mai irin wannan tarihi ba zan yi gwajin a shago ba. Ta fara zuwa wurin likitanta ta ba shi labarin, ya tura ta sashen fata a yi mata gwajin da zai nuna takamaiman abin da jikinta ya ƙi. Idan ya tabbata PPD ne, to hanyar da za ta rage mata ita ce wadda take gudu, domin hodar bilicin ba ta ɗauke da wannan sinadari, ko da yake ita ma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta, don haka a haɗa da ita a gwajin. A hannun ƙwararriya, da ruwa mai ƙarfin kashi 6, a kan silli ƙalilan da aka naɗe ba tare da an taɓa fatar kai ba, ana buɗe takardar ana dubawa duk bayan 'yan mintuna, a wanke da zarar ya kai ruwan zinare. Idan za ta je asibiti, ta tafi da hoton hannunta na lokacin kumburin in tana da shi.