Wane suna za mu ba "qualitative research" a Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Muna rubuta takardar neman amincewar mutanen da za mu tattauna da su a Agege da Idi-Araba da ke Legas kan yadda ake aiwatar da sababbin shirye-shiryen kiwon lafiya, sai kalma ɗaya ta tsayar da mu. "Implementation" ba ta wahalar da mu ba, domin "aiwatarwa" ta zauna daram. Wadda ta gagare mu ita ce "qualitative", wato binciken da ke neman dalilan mutane ta hanyar tattaunawa da lura, ba ƙirga ba.

Fassarar da na fi cin karo da ita ita ce "binciken inganci", kuma ina roƙon a ajiye ta. Na karanta wa wata dattijuwar ungozoma takardar a bencin da masu awon ciki suke jira, sai ta ajiye littafin rajistarta ta ce, "Ɗana, wato kun zo duba ko aikinmu yana da kyau ke nan?" Daga nan amsoshinta suka koma "lafiya lau" da "ba matsala". Kalmar ta sa ta ɗauke mu masu sa ido, alhali ba abin da ya kawo mu ke nan ba.

Binciken ƙididdiga yana iya faɗa mana mutum nawa suka yi rajistar inshorar lafiya ta Jihar Legas, wato Ilera Eko, amma ba zai faɗa mana abin da ya sa mai shayi a Agege ya shiga, maƙwabcinsa kuma ya noƙe ba. Wannan sai an zauna da mutum shi kaɗai, ko an tara mutum shida zuwa goma a tattauna, a ci gaba har a daina jin sabon zance. Mu da muka ga yadda aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003, ba a dawo da ita ba sai 2004, mun san maganin yana nan a lokacin. Amincewar jama'a ce ta yi ƙaranci. A 2011 wata mai bincike 'yar Amurka, Enola Proctor, da abokan aikinta sun jera ma'aunai 8 na aiwatarwa, ciki har da karɓuwa da dacewa da ɗorewa, kuma waɗannan a bakin mutane ake fara gano su.

Saboda haka nake ba da shawarar "binciken jin ba'asi". Bahaushe idan ya ce zai ji ba'asi, dalili yake nema daga bakin wanda abin ya shafa.

Abokan tattaunawarmu biyu, Malam da Hajiya, sun riga sun yi tsokaci kan wannan shawarar. Malam, na ga gyaranka cewa ba'asi yana da ƙamshin tuhuma, kamar a gaban alƙali ko mai unguwa, kuma gaskiya ka faɗa. Hajiya ma ta tunatar da mu cewa mai binciken yana zama a asibiti ya lura da yadda layi yake tafiya, wanda gani ne, ba ji ba. "Binciken siffantawa" da kika kawo ya rufe wannan giɓin, Hajiya, sai dai ina tsoron malaman jami'a kaɗai za su gane shi.

Abin da zan yi shi ne, a rubutun tsarin bincike in sa "binciken jin ba'asi", a takardar da za a karanta wa jama'a kuwa in rubuta "mun zo jin ta bakinku". Ranar Alhamis zan koma wurin ungozomar da sabuwar takardar.