Bikin Fallas na Balensiya: shawarwarin da aka tattara

Abin da baki ya zo ɗaya a kai:

1. Bikin wannan birni na Sifaniya yana kankama daga 15 zuwa 19 ga Maris. A kama masauki tun da wuri.
2. Daga 1 ga Maris, kullum ƙarfe 2 na rana ake wasan fasa albarushi mai ƙara da ake kira mascletà a dandalin majalisar birni. A isa awa guda kafin lokacin, a ɗan buɗe baki don ƙarar kada ta cutar da kunne.
3. Daren 19 ake ƙona manyan mutum-mutumi. A tsaya nesa, iska na kawo hayaƙi da toka.

An sha bamban kan wurin kwana. Wasu sun zaɓi tsakiyar gari, wasu suka ce barci gagara yake can, gara a sauka bayan gari a riƙa shigowa da jirgin ƙasa.