Shawarwarin da suka fito daga wata tattaunawa a Tawa kan kula da ƙasa da fatan gobe

A zaman da manoma da malaman makaranta da matasa suka yi a Tawa, Jamhuriyar Nijar, an daɗe ana muhawara kan ko mai damuwa da lalacewar ƙasa zai iya sa rai da gobe. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun ce damuwar da ba ta kai hannu ga aiki ba ita ce ke karya zuciya, domin a Keita, inda aka fara aikin gyaran ƙasa a 1984 da tallafin Italiya, sun ga faƙo ya koma gona, kuma a kwarin Majiya layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 sun kare amfanin gona daga iska.

Shawarar da aka fi jaddadawa ita ce manomi ya daina sare kututtukan da ke tsiro a gonarsa, ya riƙa sassabin zamani yana barin rassa biyu ko uku masu ƙarfi, musamman na gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana. A ganina wannan ce ta fi muhimmanci, saboda ba ta buƙatar kuɗi.

An kuma ce a haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwan sama, tun da rani a zuba mata taki. Matasa suka roƙi a riƙa shayar da itatuwan da ake dasawa ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa a Nijar, har su kama, maimakon a bar su ga awaki.