Wai da gaske HDR na ƙona allon laftof?

Dan_Jekadafari:
Salam 'yan uwa. Na samu laftof 'yar Beljiyam mai allon OLED, sana'ata haɗa bidiyon biki, ranar da na kunna HDR, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske da ƙarfin launi, wallahi jan leshin amarya kamar in kai hannu in taɓa, to sai abokina ya ce maza in kashe wai yana barin tabo a allo da ba ya fita. Gaskiya ne? Da ƙyar fa na tara kuɗinta.

Mai_Gyara_TudunWada:
Wa'alaikumus salam. Abokinka ya faɗi rabi ya bar rabi. OLED irin allon nan ne da ba shi da fitila a baya, kowane ɗigo shi ke ba da hasken kansa, kuma iya wahalar da ka ba shi iya tsufansa, shuɗi ma ya fi saurin gajiya. Bidiyo kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma ƙarfin haske na nit 500 ko 600 ɗin da ake talla da shi ɗan wuri ne ke kaiwa can, kamar ƙyallin sarƙar amarya, yanzu ya haska yanzu ya wuce. Abin da ke cin allo shi ne abin da ya kafe, layin ƙasan Windows, agogo, maɓallan manhajar da kake aiki da ita tun safe har isha'i. An taɓa kawo min wata, da na cika allon da launin toka sai ga inuwar gumakan nan jere a ƙasa kamar tabon shayi a farar riga. Wannan ba gyara sai canjin allo, kuma kuɗin ba na wasa ba ne.

Injiniya_Pantami:
Ƙari a kan na Malam, in HDR na kunne ka rage hasken allon da maɓallan haske na laftof ɗin, yawan hasken ke sa farin shafi ya yi ta ƙuna a banza. A Windows 11 danna maɓallan Windows da Alt da B tare don kunna HDR ko kashe shi, ka gama aiki ka kashe abinka, dama yana shan batir ga wutarmu sai a hankali. Ka ɓoye layin ƙasan kuma, ka koma baƙin launi.

Maman_Twins:
Ni tawa MacBook Pro ce ta 2021, allonta mini-LED ne mai fitila a baya, ba ruwana da wannan fargabar. Amma ƙanena ka kula da zafi, shi ma yana tsofar da OLED, in Maris ya shigo Gombe kar ka ɗora ta kan katifa.

Dan_Jekadafari:
Na gwada launin tokar yanzu, allon tas yake alhamdulillah. Maganar katifa kuwa Anti kin kama ni, a kanta ma nake rubutun nan.