Farantin nan mai launi da ke gefen layin dogo, me yake nufi?

Ɗan Makera:
Assalamu alaikum jama'a. Yarona ne ya ɗaure ni da jijiyar wuya. Ba shi da aiki sai kallon bidiyon jiragen dakon kaya na Amurka a wayata, sai ya lura duk inda layi ya rabu biyu akwai wani ƙarfe tsaye a gefe da faranti a kansa, wani ja, wani kore, wani ruwan ɗorawa. Abin da ya ɗaure masa kai, ya ga jirgi ya wuce jan faranti bai tsaya ba. Na san muna da tsofaffin ma'aikatan reluwe a nan, don Allah a warware mana.

Baba Mai Ritaya, Kakuri:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi wa yaron albarka, yana da ido. Farantin nan ba umarni yake bayarwa ba, labari yake bayarwa. A inda layi ya rabu akwai siraran ƙarafa biyu masu tsini da ke matsawa hagu ko dama, su ke ɗaukar ƙafar jirgi su ɗora ta kan hanyar da ake so. Ma'aikaci ne ke juya su da hannun ƙarfen da ke gefe. Sandar da farantin ke kai a haɗe take da hannun, to da zarar an juya layi sai sandar ta yi kwata ɗaya na zagaye, fuskar da take kallon direba ta koma gefe, ɗayar ta fito. Tun daga nesa direba ya san inda aka saita masa.

A yawancin kamfanonin Amurka, kore ko fari na nufin layi yana miƙe yadda aka saba barinsa. Ja a kan babban layi na nufin an karkatar da shi zuwa reshe. Direban da dama reshen zai shiga, jan shi yake jira, sai ya rage gudu ya shige, abin da yaronka ya gani ke nan. Wanda kuwa ya taho da niyyar miƙewa ya hango ja, to lallai ya tsaya, don wani ya bar layi a buɗe. Shi ya sa ake garƙame na babban layi da kwaɗo. Ruwan ɗorawa an fi sa shi a cikin filin tasha inda ake harhaɗa taragu, can dama tafiyar hawainiya ake yi. Amma kowane kamfani da littafin dokarsa, direba da littafin layinsa yake aiki.

Kuma mu abin da aka koya mana, ko faranti ya nuna daidai, sai ka kai idonka kan bakin ƙarfen ka ga ya manne da ɗan'uwansa. Tsakuwa ɗaya in ta maƙale a tsakani ta isa ta sauke tarago.

Malamin Kimiyya, Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ku ba ni dama in ɗan ƙara. Ɗan Makera, ka ce wa yaron ya sake dubawa, zai ga siffar farantan ma ta bambanta, wani zagayayye, wani kamar kibiya. Da gangan ne. Akwai mazan da idonsu ba ya rabe ja da kore, ga hazo, ga fenti da ke koɗewa a rana. A da har fitilar kananzir mai fuska huɗu ake ɗorawa a sama saboda dare, tana juyawa tare da sandar. Yanzu abu mai ƙyalli ake mannawa, hasken kan jirgi na dukansa ya dawo.

Maman Khalifa:
Ni kuwa ina yawan hawa jirgin Rigasa zuwa Idu, ban taɓa lura da wannan abu ba. Ko idona ne, Baba?

Baba Mai Ritaya, Kakuri:
Ba idonki ba ne 'yata. Layin Abuja sai a 2016 aka buɗe shi, faɗinsa milimita 1,435, kuma a layukan zamani irinsa inji mai aiki da lantarki ke juya ƙarafan daga ɗakin kula da zirga-zirga, fitilun sigina su gaya wa direba. Juyin hannu an fi samunsa a tsohon layi mai faɗin milimita 1,067, wanda ya ratsa Kaduna ya kai Kano a 1911. Shi kuma tsarin Ingila muka gada a kansa, saboda haka kada a ɗauki launukan Amurka a ce dole haka suke a Kaduna Junction.

Ɗan Makera, in ka kai yaron ya gani da ido, ku tsaya daga nesa, ku nemi izinin ma'aikata tukuna. Kada ya kuskura ya sa ƙafa tsakanin ƙarafan nan biyu, in suka rufe ba a zare ta.

Ɗan Makera:
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Ga shi nan ya fizge wayar, wai sai ya gano mai siffar kibiyar da Malam ya faɗa.