Gilashin ƙofar direba ya faɗa ciki: Beljiyam zan saya ko sabo?

Baban Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Honda Accord 2004 gare ni, wadda ake kira EOD. Tun sanyin bana gilashin ƙofata ke tashi da ƙyar, sai na tallafa masa da tafin hannu. Jiya a hanyar Zariya na danna maɓalli, na ji ƙaras-ƙaras, sai gilashin ya zame cikin ƙofa baki ɗaya. In na danna ina jin moton da ke jan gilashin na juyawa, amma babu abin da ke motsi. Yanzu leda na ɗaura, ga damina na tafe. A Ƙofar Ruwa an nuna min injin ɗaga gilashi iri biyu, Beljiyam (wanda aka ciro daga tsohuwar motar ƙasar waje) da sabo cikin kwali. Wanne zan ɗauka? Kuma dole ne in haɗa da moto?

Mai Rewaya:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, tunda kana jin moto, fiyus da maɓalli lafiyarsu ƙalau. Waya ce ta tsinke. Injin EOD ba irin mai almakashi ba ne, siririyar wayar ƙarfe ce ke naɗewa a kan wani ɗan gangan roba tana jan gilashi. In ta fara warwarewa sai ta cukurkuɗe, ƙarar da ka ji kenan. Daina dannawa, kada ka ƙone moton.

Ni dai Beljiyam nake ba wa shawara, amma ka duba da idonka. Bi wayar da yatsa a hankali: in ka ji zare ko ɗaya ya tashi, ko ka ga tsatsa, ajiye. Duba ƙananan tayoyin roba na sama da ƙasa ko sun tsage. Kuma cire tsohon ka tafi da shi kasuwa. Na mai ƙofa biyu daban yake da na mai ƙofa huɗu, hagu daban da dama.

Hajiya Mai Corolla:
Baban Yara, na ƙara maka ɗaya: ƙirga ƙafafun soket. Moton ƙofar direba, mai tashi da kansa in an danna sau ɗaya, ƙafafunsa sun fi na sauran ƙofofi yawa. Kayan da aka ciro daga motocin Ingila sitiyarinsu a dama yake, don haka na hagunsu na fasinja ne. In motonka na asali yana aiki, a mayar da shi kan sabon injin.

Mai Rewaya:
Gaskiya ne Hajiya. Sannan abin da ya kashe wayar yana nan: ƙurar hunturu da ta cika robar da gilashi ke bi. A wanke ta, a fesa silikon. Ban da baƙin mai, yana kumbura roba yana kama ƙura.

Wajen ɗaurawa, a ɗaga gilashi a manne shi da salatif tukuna. Ledar da ke bayan marfin ƙofa kada a yar da ita, ita ke tare ruwa. A gwada sama da ƙasa kafin a rufe. In ya ƙi tashi da kansa, sauke shi har ƙasa, ka ɗaga, ka ci gaba da riƙe maɓallin kamar daƙiƙa biyu bayan ya rufe.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan sa a kwance tsohon in tafi da shi. Oga, silikon ɗin ma a Ƙofar Ruwa zan samu?